Tsibirin Hans ko Tartupaluk: a ina yake, kuma wanne ne sunansa?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Malam, na ji cewa Kanada da Danmak sun raba wani ɗan tsibiri da babu kowa a kansa, can ƙuryar arewacin duniya. Wasu na ce masa Hans, wasu na cewa Tartupaluk. A ina yake, kuma wanne ne sunansa na gaskiya? Ni dai na ɗauka tunda Hans sunan mutanen Danmak ne, ai tsibirin nasu ne tun asali."

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Na daɗe ina koyar da ilmin taswira, kuma wannan ɗan dutse yana cikin wuraren da nake yawan kawo wa ɗalibai, domin a kansa ake ganin yadda suna ke hawa kan taswira da kuma wanda ke ɗora shi. Bari in fara da gyara zaton da ka yi. Hans ɗin da ake magana ba Bature ba ne. Mafarauci ne ɗan asalin Girinlan, babban tsibirin nan da ke ƙarƙashin masarautar Danmak, daga al'ummar Inuit, kuma sunan da ake kiransa da shi a harshen mutanensa Suersaq. Ka ga kenan duk sunayen biyu suna komawa ga mutanen ƙasar ne, sai dai kowanne da hanyar da ya biyo.

Mu fara da inda yake. Buɗe taswirar duniya ka duba can sama, inda arewa maso yammacin Girinlan ta kusa haɗuwa da wani babban tsibirin Kanada mai suna Ellesmere. Tsakaninsu akwai wani siririn mashigin teku da ake kira Nares, wanda ya haɗa tekun Baffin da ke kudu da tekun Lincoln da ke arewa. Wani sashe na mashigin ana ce masa Kennedy, kuma a tsakiyar wannan sashe tsibirin yake, a digiri 80 da minti 49 arewa da ikwaita. Don ka gane nisan: Kano tana digiri 12, ƙuryar arewacin duniya kuwa digiri 90 ce. Daga tsibirin zuwa ƙuryar, kilomita dubu ɗaya ne da 'yan kai.

Girmansa bai taka kara ya karya ba. Murabba'in kilomita 1.3 ne, wato kamar filayen ƙwallo 180 a jere wuri guda. Tsawonsa kimanin mita 1,290, faɗinsa kusan mita 1,200, kuma ƙololuwarsa ta kai mita 168 daga saman ruwa. Ta wani gefen gangare ne mai tsayi da ya faɗa teku kai tsaye, ta wani gefen kuma ya kwanta a hankali. Babu bishiya, babu gona, babu gida, babu tashar jirgi. Dutse ne tsagwaronsa, irin farin dutsen nan da ake haƙa don yin siminti, wanda ya taru daga ɓawon halittun teku fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, a zamanin da wannan yanki yake kusa da ikwaita a ƙarƙashin ruwa mai ɗumi. Kullum na faɗa wa ɗalibai wannan sai aji ya yi tsit, domin da wuya mutum ya haɗa ƙanƙarar yau da ɗumin wancan zamani a ransa.

Rana takan faɗi a tsakiyar watan Oktoba, ba a sake ganinta sai ƙarshen Fabrairu. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma ba ta faɗuwa sam, sai ta yi ta kewaya sararin sama. Mafi yawan shekara ruwan mashigin a daskare yake, kuma idan ƙanƙarar ta saki, manyan ɓaraguzanta ne ke gangarowa daga arewa zuwa kudu suna dukan tsibirin. Wannan dukan ne ya sa wani kamfanin mai na Kanada, Dome Petroleum, ya tura masu bincike can a farkon shekarun 1980. Suna so su auna ƙarfin da ƙanƙara ke bugun abu da shi, saboda dandamalin haƙar mai da ake ginawa a tekun Beaufort. Wuri mafi kusa da ke da mutane shi ne sansanin Alert na Kanada, kimanin kilomita 198, kuma shi ma sojoji ne da masu auna yanayi. Garuruwan da iyalai ke zaune a cikinsu suna gefen Girinlan: Siorapaluk mai nisan kusan kilomita 350, da Qaanaaq mai nisan kusan 380.

To, mutanen waɗannan garuruwa, waɗanda ake kira Inughuit, su ne masu sunan Tartupaluk. A harshensu "tartu" na nufin ƙoda, sunan kuma yana nuni ne da siffar tsibirin, wato mai kama da ƙoda. Na taɓa nuna wa wani aji hotonsa da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, ban gaya musu komai ba, na ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Wani ya ce wake, wani ya ce dankali. Sai wani yaro daga baya, wanda gidansu mahauta ne, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai ƙodar rago ce." Raina ya yi fari ƙwarai a ranar. Yaron da ya tashi yana ganin ana feɗe dabba ya ga abin da mafarautan can suka gani, su da ba su da jirgin sama balle tauraron ɗan'adam. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan farauta ya san kayan ciki kamar yunwar cikinsa, don haka da ya ga dutse mai wannan siffa, da sunan ƙoda ya kira shi.

Haka akasarin sunayen wurare na Inuit suke. Suna gaya maka abin da za ka gani ko abin da za ka samu. Babban tsibirin da Turawa suka sa wa Ellesmere a 1852, don girmama wani basaraken Ingila, su a wurinsu Umingmak Nuna ne, ƙasar wata dabba mai kama da ɓauna mai dogon gashi. Buɗaɗɗen ruwan da ke kudu da mashigin, wanda ba ya daskarewa ko da tsananin sanyi kuma dabbobin teku ke taruwa a cikinsa, suna ce masa Pikialasorsuaq, wato babban ɓuɓɓugowa. Irin wannan suna kayan aiki ne. Mai tafiya a keken ƙanƙara da karnuka ke ja, in an ce masa ya bi ta gefen ƙoda, da ya hango ta zai gane ya iso.

Sunayen da Turawa suka ɗora wa yankin wata hanya suka bi daban. Tsibirai uku ne a sashen Kennedy: Franklin, Crozier da Hans. John Franklin shi ne jagoran ayarin Ingila da ya tashi a 1845 da jirage biyu, ya ɓace da mutum 129 a arewacin Kanada, Francis Crozier kuma mataimakinsa. Daga cikinsu babu wanda ya taɓa ganin wannan mashigi da idonsa. Wani likitan sojan ruwan Amurka, Elisha Kent Kane, wanda ya fita nemansu a 1853, shi ya sa wa tsibiran biyu sunayensu don tunawa da su. A wannan tafiya ta Kane ne Hans ya shigo labarin.

An haifi Hans Hendrik a farkon shekarun 1830 a kudu maso yammacin Girinlan, a yankin Fiskenæsset, kuma ya tashi a hannun 'yan mishan. Yana saurayi mai kimanin shekara ashirin Kane ya ɗauke shi aikin farauta da tuƙa karnuka. Jirginsu ya maƙale a ƙanƙara, suka yi hunturu biyu a wurin. A watan Yuni na 1854 Kane ya tura mutum biyu su leƙa arewa da keken karnuka, William Morton da Hans. Su biyun nan ne suka shiga sashen Kennedy, kuma da rahotonsu Kane ya zana taswirar wurin. Daga baya Hans ya bar ayarin ya zauna cikin Inughuit, ya auri 'yarsu. A 1860 ya sake bin wani ayarin Amurka, na Isaac Hayes. A 1871 kuma Charles Francis Hall, wanda ya nufi ƙuryar duniya da jirgin Polaris, ya nemi ya zo, shi kuma ya zo da matarsa da 'ya'yansa. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara jirgin ya ratsa sashen Kennedy, suka wuce wani ɗan tsibiri da ba shi da suna a taswirar Kane, aka sa masa Hans.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa ba na yarda a raina wannan suna. Hall ya rasu a watan Nuwamba na 1871, ayarin ya rikice. A daren 15 ga Oktoba 1872 guguwa ta taso, ƙanƙara ta matse jirgin, aka ɗauka zai nutse, aka shiga jefa kaya a kan falalen ƙanƙarar da ke gefensa. Ana cikin haka ƙanƙarar ta tsage, iska ta tafi da jirgin, ta bar mutum 19 a kai cikin duhu. Tara daga cikinsu Inuit ne: Hans da matarsa da 'ya'yansu huɗu, har da jariri ɗan wata biyu da aka haifa a cikin jirgin, sai wani mafarauci mai suna Ipirvik da matarsa Taqulittuq da 'yarsu. Abincin da ke hannunsu ba zai kai su ko'ina ba, ga hunturu ya kunno kai.

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Hans da Ipirvik ne suka gina musu ɗakunan dusar ƙanƙara. Su ne kuma ke fita kullum su tsaya a bakin ramin da sil ke leƙowa don shan iska. Sil wata dabbar teku ce mai yawan kitse, kuma mafarauci kan tsaya sa'o'i a tsaye ba motsi, da mashi ko bindiga a hannu, domin ƙaramin takun ƙafa yana korar ta. Idan aka dace, a ci naman, a zuba kitsen a fitilar da ita ce murhu, ita ce kuma hasken ɗaki. Idan ba a dace ba a kwana da yunwa. Haka falalen ya yi ta tafiya da su kudu yana raguwa, har ya zama sai sun riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan da ɗan kwalekwalen da ya rage musu. Ranar 30 ga Afrilu 1873 wani jirgin mafarauta mai suna Tigress ya tsince su a gaɓar Labrador da ke gabashin Kanada, bayan wata shida da rabi da tafiyar fiye da kilomita 2,000. Su 19 suka hau ƙanƙarar, su 19 aka kwaso, har da jaririn.

Bayan shekara biyu Hans ya sake komawa arewa tare da ayarin Ingila na George Nares, wanda mashigin gaba ɗaya ke ɗauke da sunansa a yau. Ya rubuta tarihin tafiye-tafiyensa da harshen Girinlan, wani masanin Danmak mai suna Hinrich Rink ya fassara, aka buga da Ingilishi a 1878. Ya rasu a 1889.

Akwai abin da nake so ka lura da shi idan ka koma kan taswira, domin ni ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Manyan ayari da sunan gidansu aka tuna da su: Franklin, Crozier, Kane, Hall, Nares. Mutanen ƙasa kuwa da sunan kira kawai. Can gaba kaɗan akwai tsibirin Joe, wanda shi ne laƙabin da Turawa suka sa wa Ipirvik, akwai kuma tsibirin Hannah, laƙabin matarsa. Haka maigida ke kiran ɗan aikinsa. Gaskiya ne shi Hans sunan da aka raɗa masa ne a coci, da shi kuma ya yi rubutunsa, don haka ba a ƙaƙaba masa shi a cikin jirgi ba. Amma an yanke rabinsa, kuma wannan yankewar ce ta sa kai da mutane da yawa kuka ɗauka wani Bature ne daga Kopenhegan, babban birnin Danmak. An karrama shi, na yarda, sai dai karramawar ta ɓoye ko shi wane ne. Kuma manyan buɗaɗɗun ruwa da doguwar hanya an bar wa hafsoshi, shi kuma aka ba shi mafi ƙanƙantar tsibiran uku.

Yanzu ga batun mallaka. Suna ba ya ba da ƙasa a dokar duniya. Abin da ake dubawa shi ne yarjejeniya da kuma wanda ya daɗe yana gudanar da iko a wurin. Danmak ta ce tsibirin ɓangaren Girinlan ne, mutanen Girinlan ne ke farauta a yankin, kuma kotun duniya ta wancan zamani ta tabbatar mata da Girinlan a 1933 a shari'arta da Norway. Kanada ta ce yana cikin tsibiran arewa da Birtaniya ta miƙa mata a 1880. Abin da ya dagula lissafin shi ne wurin da dutsen ya tsaya. Faɗin mashigin a nan kimanin kilomita 35 ne, tsibirin kuma yana kusan tsakiya daidai, wajen kilomita 18 daga kowace gaɓa. Kowace ƙasa tana da ikon ruwan da ke gabanta har mil 12 na teku, wato kilomita 22, saboda haka ya faɗa cikin ruwan kowaccensu.

A watan Disamba na 1973 ƙasashen biyu suka shata iyakar ƙasan teku tsakanin Kanada da Girinlan. Sun sa ɗigo 127 a taswira, suka haɗa su da layi ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo tsakanin ɗigo na 122 da na 123 sai aka ɗaga alƙalami, aka bar giɓin mita 875, domin a nan tsibirin yake. Ina son nuna wa ɗalibai wannan giɓi: an kasa daidaitawa a kan abu ɗaya, ba a bari ya hana sauran aikin ba.

Daga nan aka shiga 'yar tsama mai sauƙi. A 1984 ministan Danmak mai kula da Girinlan, Tom Høyem, ya sauka a tsibirin ya kafa tuta. Aka yi ta musayar tutoci, kowane ɓangare in ya zo ya bar wa ɗayan kwalbar giyar ƙasarsu, har jaridu suka riƙa kiran abin yaƙin wiski. Lamarin ya ɗan yi zafi a watan Yuli na 2005 da ministan tsaron Kanada, Bill Graham, ya kai ziyara, Danmak ta kai ƙorafi a hukumance, amma a watan Satumba suka amince su zauna. Ba a taɓa harba harsashi ko ɗaya ba. An kafa kwamitin haɗin gwiwa a 2018, kuma ranar 14 ga Yuni 2022 aka sa hannu a Ottawa. Ministocin harkokin waje na lokacin, Mélanie Joly ta sa wa Kanada, Jeppe Kofod ya sa wa Danmak, Múte Egede kuma, shugaban gwamnatin Girinlan a lokacin, ya sa wa mutanensa. An bi wani tsagi da ya ratsa dutsen daga arewa zuwa kudu aka raba, kusan kashi 60 cikin ɗari ga Girinlan, 40 ga Kanada. Kafin wannan, Kanada ba ta da iyakar tudu da kowa sai Amurka, Danmak kuma sai Jamus.

Abubuwa biyu a yarjejeniyar sun fi rabon kansa muhimmanci a wurina. An rubuta cewa Inuit na ɓangarorin biyu za su ci gaba da zirga-zirga da farauta a ko'ina a tsibirin ba tare da layin ya tare su ba. Sannan sunan Tartupaluk ya fito a takardun hukuma kafaɗa da kafaɗa da na Hans. Shi ya sa ka fara jinsa a labarai a 'yan shekarun nan, har ka ɗauka sabon suna ne, alhali a bakin mafarautan arewacin Girinlan yake tun da can, taswira ce ba ta ɗauke shi ba.

Ka tambaye ni wanne ne na gaskiya. Ni a aji Tartupaluk nake fara rubutawa a allo, domin shi ne sunan da masu wurin suka sa, kuma shi ke gaya maka siffar abin da kake nema. Sai in rubuta Hans a ƙarƙashinsa, in cika shi: Hans Hendrik, Suersaq. Ba na goyon bayan masu cewa a goge shi gaba ɗaya da sunan kawar da tabon mulkin mallaka, domin in aka goge, sunan ɗan ƙasa aka goge, Franklin da Crozier kuma suna nan daram a gefensa. Idan za ka neme shi a taswirar intanet, rubuta Hans Island ko Hans Ø, wanda shi ne rubutun mutanen Danmak, domin taswirori da yawa har yanzu da su suka san shi. Sai ka yi ta matso da hoton sosai kafin ya bayyana, ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa a tsakiyar farar ƙanƙara, arewa da Franklin da Crozier.